Udun da Yaya Bakur Ya Ce In Kawo

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a gidan yayana ba, kuma ko na so in manta, 'ya'yan 'yan'uwana ba za su bari ba, don har yau hoton abin yana yawo a wayoyinsu. Na ga gara in faɗa da bakina, saboda na gaji da jin yadda ake ƙara wa labarin gishiri. Wasu har cewa suke rawa na taka. Ƙarya ne wallahi, ban yi rawa ba. Rangaji ne kawai na ɗan yi, shi ma ba da sanina ba.

Ni haifaffen Makka ne. Kakanmu ne ya taso daga wani ƙauye kusa da Kano ya zo aikin hajji, bai koma ba. A unguwar Nakkasa muka tashi, daga baya muka gangaro unguwar Rusaifa. A gida Hausa muke yi, amma irin tamu ta nan, wadda in ka matse ta rabin abin da zai zubo Larabci ne. Tun ina saurayi nake tsaron shagon turare na wani attajiri, ba nisa da Harami, kuma a nan gashina ya yi fari. Na sayar wa alhazan duniya miski da ambar da turaren wuta har na kai ko zufa na yi ƙamshi take (matata ce ta faɗa, kuma ba yabona take yi ba, ciwon kai take kuka da shi).

Sai dai ni zuciyata tana wajen mandolin. Ga wanda bai san shi ba, wani ɗan abin kiɗa ne mai tsirkiya takwas, bibbiyu a jere, bayansa kamar rabin ƙwarya, bai fi ka rungume shi da hannu ɗaya ba. A kasuwar gwanjo ta Jidda na tsince shi da ƙuruciyata, na shigo da shi gida a naɗe cikin bargo, don a zamanin nan da mahaifinmu ya gan shi, da ni da shi za a haɗa a watsar waje. Ban taɓa samun malami ba. Da kunne na koya, a ɗaki, ƙofa a kulle, da tawul a toshe a ƙarƙashinta. Aikin shago kuwa ba ya barin mutum ya numfasa. Lokacin azumi da na hajji ko fuskar 'ya'yana ba na gani sosai, balle tsirkiya. Kullum sai in ce wa kaina, bari dai in yi ritaya, duniya za ta ji.

To, na yi ritayar. Duniya kuma ta ji, musamman maƙwabtanmu na sama da na ƙasa.

Ba zan ɓoye muku ba, na sha daɗin watannin farkon nan. In na dawo daga sallar asuba in ɗan kishingiɗa, in tashi in karya da wake da gurasa, in kora da shayi, sai in ɗauko abina. Babu maigida, babu alhajin da zai sa in buɗe masa kwalabe rututu ya shanshana ya ce zai dawo. Zamani ma ya canja, kiɗa ya daina zama abin ɓoyo kamar da, don haka na buɗe ƙofa na buɗe taga. Ina kaɗawa har a kira azahar. Yatsuna suka yi kanta, ina nuna wa mutane kamar lambar yabo. A watannin ne matata, Ummu Faisal, ta fara ziyartar dangin da ta yi shekaru ba ta leƙa ba. Ni kuwa har yaba mata nake, ina cewa zumunci ya shige ta da girma.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Babu wanda ya taɓa cewa, “Kaɗa mana mu ji.” Ko mutum ɗaya. 'Ya'yana in suka zo, da na miƙa hannu wajen akwatin sai kowa ya tuna yana da alƙawari da wani. Ina dariya in ce su gaida gida, amma abin yana cina. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a shagon wani, yana so a ce ga abu guda da yake nasa, har a neme shi saboda shi.

Ga kuma rigimar suna. Larabawa suna da nasu babban molon mai ƙaton ciki, sunansa udu. Da yake nawa ya yi kama da jaririnsa, kowa a dangi udu yake ce masa. Na yi gyara har bakina ya gaji: mandolin ne, jama'a, mandolin. Wanda ya fi kowa taurin kai a kan haka shi ne Yaya Bakur, babban wanmu, wanda ya riƙe gida bayan rasuwar mahaifinmu. Tsohon direban motar alhazai ne, kuma har yau da muryar da yake tsawata wa fasinja yake magana. Sau ɗaya ya taɓa tarar da ni ina kiɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, sannan ya tambayi matata ko na'urar sanyaya ɗakinmu ce ta lalace.

Yanzu ga abin da kowane yaro a Makka ya sani, ni kuma na fi kowa sani tunda da shi na ci abinci: itacen turaren wuta mai tsadar nan shi ma sunansa udu. Kalma ɗaya ce, babu bambanci ko na wasali. Ranar da na bar aiki, maigidana ya yi mini kyautar wani guntun tsohon udu na ƙasar Hindu, irin wanda ba a ajiyewa a kanta. Na nuna wa Yaya Bakur sau ɗaya, na naɗe shi a ƙyalle na jefa saman kabad. Mutumin da ya shekara da shekaru yana shaƙar hayaƙi ba ya ɗokin itace. Na manta da shi sarai.

Ana nan sai wata Talata wayata ta yi ƙara. Yaya Bakur ne.

“Kai, ranar Juma'a in an sauko, mutanen yaron nan za su zo neman auren Asiya. Za a ci abinci, a karanta Fatiha.”

Asiya ita ce autarsa, malamar makaranta ce, kuma duk dangi mun san yadda take son yaron nan Haruna. Na ce Allah ya sanya alheri.

“Amin. Ka zo mana da udun nan naka da kake ta ɓoyo a ɗaki.”

Na miƙe tsaye da wayar a kunne.

“Udun nawa kake nufi, Yaya?”

“Na wa kuwa? Akwai mai irinsa a dangi? Ajiyar ta isa haka, lokacinsa ya yi. So nake tun daga bakin ƙofa a ji shi.”

(Ku dubi Hausa ita ma. Kunne ya ji, hanci ya ji, duk ji ne. Harsuna biyu suka haɗa baki a kaina rana ɗaya.)

Na ce, “Amma Yaya, uban yaron fa liman ne.”

“Shi ya sa! An ce mini ba ya iya zama a majalisa babu shi. Ko a ɗakinsa da shi yake kwana. Masani ne, in ba mai kyau ba ne nan take zai gane. Kada ka ba ni kunya.”

“A wuri ɗaya zan zauna da shi?”

“Wane irin wuri ɗaya, kamar ba a garin nan aka haife ka ba? Zagayawa za ka yi. Ka fara da Liman, ka bi ta dama, kowa ya samu rabonsa.”

Ya kashe waya. Ni kuwa na koma na zauna, kuma ba zan ji kunyar faɗa ba, sai da na share ƙwalla. Yaya Bakur! Ashe duk shekarun nan yana saurare, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa. Nan take na yafe masa maganar na'urar sanyaya ɗaki.

Da na gaya wa Ummu Faisal, sai ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta juyo.

“Yaya Bakur ne ya ce ka zo ka yi kiɗa? Shi da bakinsa?”

“Da bakinsa.”

“A gaban liman?”

“Limamin ma ashe namu ne.”

“Abu Faisal, don Allah ka sake kiransa ka tambaya.”

Ai kuwa na hau ta da faɗa. Na ce dama na sani, ita ce ta farko da ba ta so a san ni, ga shi na waje sun gane abin da na cikin gida suka kasa ganewa. Har kalmar hassada sai da na furta, Allah ya yafe mini. Ta dube ni ta ce, “Tayyib,” ta ci gaba da yankan albasarta. Wanda ya zauna da matan Makka ya san irin wannan tayyib ɗin. Ma'anarsa ta zare hannunta, kai da Allahnka.

Shiri na yi ba na wasa ba. Washegari na tuƙa mota har Jidda na sayo sababbin tsirkiyoyi. Da yake an ce zagayawa zan yi, dole a rataya abin a wuya, sai na samo tsohuwar ɗamarar nan da alhazai ke ɗaure harami da ita, na huda na ɗaura masa. Na wuni ina gwajin tafiya da kiɗa daga ƙofar gida zuwa kicin, in na iso gaban firji in rusuna, shi ne Liman. Na zaɓi kiɗa uku. Na farko na mutanen Hijaz ne, wato yankinmu na Makka, don baƙi su saki jiki. Na biyu wata waƙar daka ce da kakarmu take yi, don a tuna gida. Na uku kuwa ni na ƙirƙira da kaina, kuma a ganina shi ne zai sa dattawa kuka.

Ranar Juma'a na sa sabuwar jallabiya, na bar mandolin a mota don abin ya zo musu ba zato. Yaya Bakur ya tare ni a ƙofa yana ta haki.

“Ka zo da shi?”

“Yana mota.”

“Zai isa kowa?”

“Har sai sun ce ya isa.”

“Madalla. Na sa an hura gawayi.”

(Gawayi. Ya faɗa da bakinsa, na ji da kunnena. Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da Allah ya buɗe mini in fita, ni kuwa na ce a raina, ka ga Yaya da son shayin gawayi.)

Majalisa ta cika da maza. Liman yana zaune a tsakiya, dogo siriri mai farin gemu, da alkyabba a kafaɗa, in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Ƙannensa suna dama da hagunsa, ga wani kawunsu tsoho tukuf da idonsa ya yi rauni, ga Haruna a can gefe yana ta share gumi. Aka shimfiɗa leda, aka kawo manyan farantan shinkafa da rago, ga tsire a gefe. Ni loma kaɗan na yi, don kada maiƙo ya sa yatsuna santsi. Ina ta satar kallon Liman ina jin tausayinsa, ina cewa bawan Allah, ashe kai ma da tawul kake toshe ƙofa. Da muka haɗa ido har na ɗan kashe masa ido ɗaya. Ya kawar da kai, na ce kunya ce irin ta malamai.

Tsarin Yaya shi ne a ci, a wanke hannu, a yi turare, sannan a karanta Fatiha cikin ƙamshi. Mata suna bayan ƙofar cikin gida suna jiran a shafa su rangaɗa guɗa. Da aka ɗauke farantai ya dube ni ya ce, “Yalla, ɗauko.” Shi ya shige cikin gida, ni na nufi mota.

Na dawo da mandolin rataye a wuya, na tsaya a tsakiyar majalisa. Hira ta mutu. Na yi gyaran murya.

“Jama'a, wannan Yaya ne ya ce in kawo, musamman don girmama Liman, da yake an gaya mana ba ya iya zama babu shi. An ce ma da shi yake kwana.”

Ɗaya daga cikin ƙannen Liman ya ƙware da shayi. Liman ya ɗago kai a hankali ya nuna ƙirjinsa.

“Ni?”

Na yi murmushi irin na wanda ya san sirri. Na ce, “Kada ka ji komai, Malam, duk muna ciki. Ni ma shekara da shekaru a ɓoye nake yi.”

Sannan na fara.

Na fara da Liman kamar yadda aka umarce ni. Na rusuna a gabansa yadda na saba yi wa firji, na kai masa abin har kusa da gemu. Wanda ya san kiɗa ya san sabuwar tsirkiya ba ta da amana, tana saki, ga kuma sanyin ɗakin, don haka tun kafin in gama layin farko takwas ɗin nan kowace ta kama hanyarta. Na ji, amma na ce a raina masani zai fahimta. Liman ya ƙura wa carbinsa ido. Na matsa dama. Na biyu ya sunkuyar da kai. Na uku ya rufe baki da gefen rawaninsa. Da na iso gaban tsohon kawun nan, shi da yake bai gani sosai, kuma ina jin bai ji sosai ba, ya dai ga mutum ya rusuna masa da abu a hannu bayan an ci abinci. Sai ya buɗe gaban rigarsa, ya riƙa jawo iska da hannu zuwa gemunsa yadda ake yi wa hayaƙin turare, yana cewa, “Allahumma salli ala Muhammad.” Ni kuwa na ɗauka cewa yake in ƙara. Na tsaya na ƙara masa.

Samari suna can ƙarshen ɗaki, kafaɗunsu suna rawa, wayoyi a ɗage. Na ce ka ga yaran zamani, ashe suna da zuciya. Da na shiga waƙar kakarmu sai abin ya taɓa ni da gaske, na lumshe ido. A nan ne rangajin da ake ta magana ya faru.

Da na buɗe ido, Yaya Bakur ne tsaye a ƙofar cikin gida. Yana riƙe da kaskon turare na azurfa, gawayi ya yi jajir a ciki, babu hayaƙi ko ɗis. Bakinsa a buɗe.

“Esh hada?”

In Yaya ya juya Larabci, abu ya ɓaci. In ya dawo Hausa kuma, ya gama ɓaci.

“Mene ne wannan a wuyanka?”

“Udun ne, Yaya.”

“Ina udun?”

“Ga shi kuwa.”

Ya ɗaga kaskon sama har gawayin ya yi tartsatsi. “Udu! Na wuta! Wanda maigidanka ya ba ka!”

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Duk maganganun wayar nan suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kowace ta koma mazauninta na gaskiya: a ji shi daga ƙofa, a zagaya da shi, kowa ya samu rabonsa, gawayi. Ni da na tsufa a shagon turare! Tsirkiya ɗaya tana ta ƙara ita kaɗai a cikin shirun, na rasa ma hankalin da zan dafe ta. Kuma a cikin duk kalmomin da Allah ya halitta a harsuna biyu, ga abin da ya fito daga bakina:

“Ai wannan ma mandolin ne.”

Wani saurayi ya fashe da dariya ya ruga waje. Liman ya tattara alkyabbarsa ya miƙe, mutanensa suka miƙe tare da shi.

“Alhamdu lillahi, mun ci mun ƙoshi. Allah ya saka da alheri. Sauran magana sai mun yi waya.”

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, da warin rago a rigunansu. A garin nan, baƙo ya bar gidanka ba ka bi shi da hayaƙi ba abin kunya ne, balle baƙon da ya zo neman aure. Ba a karanta Fatiha ba. Guɗar da mata suka tanada ba a yi ta ba, sai wani sauti na jiyo daga bayan ƙofar, kuma na gane muryar. Asiya ce take kuka. Nan abin ya daina zama abin dariya a wurina. Yarinyar nan a kafaɗata ta girma, Ammi take ce mini, wato baffa, ni nake kai ta sayen alewa.

Na zaci Yaya zai yi mini irin tsawar da yake yi wa fasinja. Da ya yi da na ji sauƙi. Ya ɗauki butar shayi ya tsiyaya a kan gawayin, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Tafi gida.”

Kwanaki suka wuce babu waya daga gidan Liman. Yaya ba ya ɗaukar tawa. Hoton kuwa ya zagaya dangi har na Madina da na Jidda, wani ma daga Kano ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne yanzu haka ake neman aure a Makka. Na daina zuwa masallacin unguwarmu, na koma wani can nesa inda ba a san ni ba. Na daure na kira Asiya in ba ta haƙuri. Sai ta ce da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba, “Ammi, ni me na yi maka?” Da na ajiye wayar na zura akwatin mandolin ƙarƙashin gado.

Ummu Faisal ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da mun yi faɗa na huce. Wata safiya dai na zo shan shayi na tarar da ƙullin ƙyallen nan na saman kabad a ajiye kusa da kofina, an kakkaɓe masa ƙura.

Na ɗauka na nufi unguwar su Liman. Na bi shi sallar la'asar, na zauna a sahun baya har jama'a suka watse, sannan na matsa na durƙusa na gaishe shi. Na kwance ƙyallen na miƙa masa, na zayyana masa komai tun daga wayar Talata. Ya karɓi itacen ya juya shi, ya murza da babban yatsa, ya kai hanci ya lumshe ido. A wannan kam Yaya bai yi ƙarya ba, mutumin masani ne.

“Wannan ya kamata mu ji ran nan,” in ji shi.

“Shi ne, Malam.”

“Ka san abin da ka jawo mini? Ƙannena yanzu in sun kira ni sai su ce, Yaya, a ɗan taɓa mana. Jiya wani dattijo a sahun gaba ya riƙe hannuna ya ce shi ma da ƙuruciyarsa ya yi, Allah yana karɓar tuba.”

Na ce, “Malam, ni za a hukunta. Yarinyar ba ta da laifi, yayana ma ba shi da shi. In an ce kada in halarci bikin, wallahi ba zan zo ba.”

Ya yi shiru yana jan carbi. Da ina da hankali da na bar shirun nan ya yi aikinsa. Amma mai kiɗa mai kiɗa ne, ko a bakin kabarinsa. Na ji bakina yana cewa, “Amma Malam, tsakani da Allah, kiɗan kansa fa, yaya ka ji shi?”

Ya ɗago kai ya ce:

“Ni ba masanin kiɗa ba ne. Malamai kuma sun yi saɓani a kan hukuncinsa tun da daɗewa. Amma ina jin da sun ji naka, da saɓanin ya ƙare.”

Na haɗiye wannan. Ya gyara zama ya ce, “Tun yaushe kake yin abin nan a gida?”

“Tun ina saurayi. Amma da na yi ritaya ne na samu lokaci sosai. Kullum ne yanzu.”

“Kullum. Kuma matarka tana nan?”

“Tana nan.”

“'Yan'uwanka suna gaishe ka?”

“Har ran Juma'ar nan dai suna yi.”

Ya gyaɗa kai. “To, gidanku gidan masu haƙuri ne. Ɗana Haruna yana da wuyar sha'ani, ni na haife shi na sani. Irin gidan da yake bukata ke nan.” Ya naɗe itacen ya mayar mini. “Kai wa Bakur. Ka ce masa Juma'a mai zuwa muna tafe, a can za mu ji shi. Da hanci.”

Haka aka yi. Aka karanta Fatiha, mata suka rangaɗa guɗar da ake bin su bashi har da ƙari, ni kuma aka ba ni kasko na zagaya da shi, na fara da Liman na bi ta dama. Kowa ya yaba, har tsohon kawun nan ya ce na wannan makon ya fi na wancan kama jiki.

Sai da aka yi wata guda kafin in jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ina kaɗa abina har gobe, kuma ina jin daɗinsa, don ban yi wa kowa alƙawarin dainawa ba. Da biki ya matso, Yaya Bakur ya sake kirana, karo na farko da ya kira da kansa tun ranar.

“Kai, ka zo da sauran udun nan ranar ɗaurin aure.”

Na ce, “Wanne, Yaya? Na ƙonawa ko na kaɗawa?”



“In don ta ni ne,” ya ce, “duka biyun na ƙonawa ne.”

Abin da na koya bai da yawa. Ni ne na yi ritaya, ni ne lokaci ya yi wa yawa, kunnuwan jama'a kuwa har yanzu suna bakin aiki, kuma ba su nemi ƙarin aiki ba. In kuma ka daɗe kana jiran a roƙe ka wani abu, ranar da ka ji an roƙa, ka daure ka sake kira ka tambaya. Musamman in matarka ce ta ce ka kira.